Gawar Ahijo da mutanen 6 ga Afrilu: me ya hana majalisarmu motsi?

Wani ɗalibi ɗan Garwa da ke karatu a jami'ar Ngaundare ya aiko min da tambaya, ga ta kamar yadda ya rubuto: "Baba, tunda Macron ya fito ya amsa cewa Faransa ta yi yaƙi a Kamaru ta kashe mutane, me ya hana majalisar dokokinmu ita ma ta yi doka a dawo da gawar Ahijo gida, a kuma bi wa mutanenmu na 6 ga Afrilu haƙƙinsu? Ba ɗan Arewa ne ya daɗe yana shugabantar majalisar ba?"

Ɗana sannu da ƙoƙari, Allah ya yi maka albarka da ka damu da wannan maganar, don sa'anninka da yawa ko labarin 6 ga Afrilu, ranar yunƙurin juyin mulkin 1984, ba su taɓa ji ba, a gidajen ma da abin ya shafa ba a cika yin zancen ba sai a ɗaki cikin raɗa. Ni lauya ne, kuma na yi shekaru ina taya wani depite, wato ɗan majalisa, na yankinmu aikin takardu, rubuta tambayoyin da zai yi wa ministoci da duba kasafin kuɗi, to abin da zan gaya maka daga cikin takardun ne da kuma abin da ido ya gani. Dokar da kake cewa a yi an riga an yi ta tun 1991, lokacin ko haihuwarka ba a yi ba. Tana nan a rubuce. Damuwar ita ce majalisar da ta yi dokar ba ta koma ta tsare gwamnati ta ce ina aka kwana ba, kuma manyanmu na Arewa sun taɓa samun babbar dama sau ɗaya a cikin majalisar nan, suka musanya ta da kujerun minista.

Bari in ɗan koma baya ka ga tushen abin. Ahmadu Ahijo, shugaban Kamaru na farko, da kansa ya sanar da saukarsa ranar 4 ga Nuwamba 1982, Paul Biya ya yi rantsuwa ranar 6, amma Ahijo ya riƙe shugabancin jam'iyyar UNC, daga nan aka fara ja-in-ja kan wa ke da ƙasa, jam'iyya ko gwamnati. A 1983 abin ya lalace gaba ɗaya, Ahijo ya bar ƙasar a watan Yuli, a Agusta aka cire Bello Buba Maigari daga firaminista aka kuma raba lardin Arewa gida uku, Adamawa da Arewa da Arewa Mai Nisa. Fabrairu 1984 kotun soja a Yawunde ta yanke wa Ahijo hukuncin kisa a bayan idonsa tare da mutanensa biyu, Ibrahim Umaru da Salatu Adamu, daga baya aka sassauta ya koma ɗauri. Sai asubahin Juma'a 6 ga Afrilu 1984 wani ɓangare na dogaran fadar shugaban ƙasa ƙarƙashin Kanal Ibrahim Sale suka yi yunƙurin juyin mulki, aka kwana ana ɓarin wuta a Yawunde, washegari sojojin gwamnati suka ci galaba.

Ni fa ban zo in wanke wanda ya ɗau bindiga ba, an mutu a ranar har da waɗanda ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Abin da ya biyo baya shi ne zaluncin da muke magana. Biya a jawabinsa ya ce laifin na wasu tsiraru ne masu kwaɗayin mulki, ba na wani lardi ko wani addini ba, amma ministan sojojinsa na lokacin, Andze Tsoungui, ya fito gaban 'yan jarida ya ce kusan duk masu hannu a ciki 'yan Arewa ne, kuma yadda aka yi kamen da maganar minista ya tafi. Shari'a a kotun soja a rufe, cikin 'yan kwanaki aka gama, ranar 1 ga Mayu aka harbe rukuni na farko a Mbalmayo, wasu kuma daga baya a Mfou. Kanal Sale na cikin waɗanda aka harbe, haka Isa Adum shugaban asusun raya karkara na FONADER wanda farar hula ne. Ba a ba iyalai gawa ba, ba a nuna musu kabari ba. Dakole Daisala ya yi shekara bakwai a tsare ba tare da an yanke masa hukunci ba, Isa Ciroma Bakari ya yi wajen shida, Bello ya yi gudun hijira zuwa Najeriya. Waɗannan kowa ya san sunansu saboda daga baya sun zama manya. Akwai kofur da saje da direba da ɗan kasuwar unguwar Briketeri ta Yawunde da aka kwashe, su babu mai ambatonsu sai 'ya'yansu.

Wata baiwar Allah daga unguwar Hausare ta taɓa zuwa ofishina tare da ɗanta, tana riƙe da gwangwanin madara da ta ɗaure da tsumma. A ciki akwai katin mijinta na soja, da hotonsa cikin kaki, da takardar albashinsa ta watan Maris 1984, ita ce ta ƙarshe. Abin da ya kawo su ba siyasa ba ce, gida ne da ke da sunan mijin suke so a raba gado, ƙanwar yaron za ta yi aure ana neman kuɗi. To rabon gado a hukumance sai da takardar mutuwa, takardar mutuwa kuma a ofishin da suka je an ce su kawo shaidar likita ko ta wanda ya ga gawa, in babu su je kotu ta tabbatar da mutuwar, kotu kuma shaidu za ta nema, kuma waɗanda suka shaida mutuwar nan su ne waɗanda suka yi harbin. Ta ce min ita ko takaba ba ta san ranar da ya kamata ta fara ba, wani malami ya ce ta fara tunda labari ya zo an harbe su, wani ya ce a'a hukuncinta na matar wanda ya ɓata ne sai ta jira shekara huɗu, ta zauna tsakanin maganganu biyu ba ita ce mai miji ba ba ita ce bazawara ba. In ana maganar zaluncin tarihi mutane suna ɗauka batun mutum-mutumi ne da sunan titi, alhali yawancinsa irin wannan ne, takarda guda ɗaya da gwamnati ce kaɗai za ta iya bayarwa kuma ta ƙi.

Yanzu dokokin. A 1990 da 1991 ƙasar ta ɗau zafi, ana neman jam'iyyu da yawa, aka shiga rufe garuruwa da kasuwanni, 'yan adawa na neman babban taron ƙasa irin wanda Benin ta yi a 1990 kuma Nijar ta yi a 1991. Biya ya tsaya gaban majalisa ranar 27 ga Yuni 1991 ya ce wannan taron ba shi da wani dalili a Kamaru. A madadinsa sai aka riƙa fito da dokoki ta hannun majalisar, wadda a lokacin duk 'yan RDPC ne, jam'iyyar Biya mai mulki. Disamba 1990 aka soke dokar nan ta 1962 da ake ɗaure mutane da ita da sunan zagon ƙasa. Afrilu 1991 aka yi dokar afuwa ga laifuffukan siyasa, ita ta buɗe wa sauran fursunonin 1984 ƙofa, masu gudun hijira suka fara dawowa, a cikinta kuma har da maganar mayar da mutane bakin aikinsu da mayar musu da dukiyar da aka ƙwace. Sannan ranar 16 ga Disamba 1991 aka sa hannu kan doka mai lamba 91/022 da ta wanke sunan mutum huɗu: Ahmadu Ahijo, da jagororin jam'iyyar UPC masu fafutukar 'yancin kai su uku, Ruben Um Nyobe, Felix Moumie da Ernest Ouandie. Dokar ta ce za a iya sa sunansu a tituna da gine-ginen gwamnati, kuma ta ce wanda aka binne a waje za a iya dawo da shi in iyali sun nema, gwamnati ce za ta biya kuɗin ɗaukowar.

Ka lura da abin da afuwa take yi da abin da ba ta yi. Afuwa tana nufin gwamnati ta ce kun yi laifi na yafe. Ba ta ce ni ma na yi laifi ba, ba ta bambanta wanda ya harba bindiga da wanda aka kama saboda sunansa Hamadu ko Buba ba, duk ta zuba su a ma'auni ɗaya ta ce ku tafi gida. Wanda aka harbe kuma afuwa ba ta da abin da za ta yi masa, iyalinsa ne ke bin bashi, kuma ba a fito da jerin sunayen waɗanda aka kashe an miƙa wa kowane gida ba, ba a tono ramin an ba su ƙasusuwan su yi musu sallah ba. Kamar a ba ka takardar fili ne a ƙi nuna maka inda filin yake. Maganar komawa aiki da mayar da dukiya kuwa an bar ta a hannun ofisoshi su tsara yadda za a yi, to wanda ke da hanya ya samu, da yawa kuma suka tsufa suna yawo da dosiye daga wannan ofis zuwa wancan.

Batun gawar Ahijo shi ma a nan ya maƙale. Ya rasu a Dakar ranar 30 ga Nuwamba 1989 aka binne shi a maƙabartar Musulmi ta Yoff. A 2007 da gidan talabijin na France 24 ya tambayi Biya, amsarsa ita ce wannan maganar ta iyali ce, in sun so su dawo da shi ba zai hana ba. A takarda bai kauce wa dokar 1991 ba, don ita ma cewa ta yi sai iyali sun nema. Amma matarsa Germaine matsayinta a fili yake, shugaban ƙasa ne na farko, ƙasa ce ta yanke masa hukuncin kisa, ƙasa ce ya kamata ta ɗauko shi ta yi masa jana'iza ta girmamawa, ba a saka shi a akwati a shigo da shi kamar kayan fasinja ba. Haka aka yi ta kallon-kallo har ita ma ta rasu ranar 20 ga Afrilu 2021 aka binne ta kusa da shi. A ganina ita ke da gaskiya, kuma gyaran bai fi layi biyu ba a cikin dokar, a ce gwamnati ce za ta nemi iyali ta shirya da su, a sa wa'adi. Amma zan gaya maka wani abu ɗana, ni gawar Ahijo ba ita ta fi damuna ba. Shi an san kabarinsa, an yi masa wanka an yi masa sallah, 'ya'yansa na zuwa ziyara, filin ƙwallo na Yawunde sunansa yake ɗauke da shi. Duk lokacin zaɓe 'yan siyasa na ɗauko zancensa a Garwa don yana taɓa zuciya, in an gama zaɓe a ajiye, su kuma na Mbalmayo ko a kamfe ba a cika tuna su ba.

Sai damar da na ce an samu. Zaɓen majalisa na 1 ga Maris 1992 shi ne na farko da jam'iyyu da yawa, babbar jam'iyyar adawa SDF ta ƙaurace. Cikin kujeru 180 RDPC ta samu 88, UNDP ta Bello 68, UPC 18, MDR ta Dakole Daisala 6. Yi lissafi da kanka, 'yan adawa 92 ke nan, jam'iyya mai mulki ba ta da rinjaye. Kuma dubi su wa ke riƙe da 92 ɗin: jam'iyyar wanda ya dawo daga gudun hijirar 1984, da jam'iyyar wanda ya fito daga kurkukun 1984, da jam'iyyar Um Nyobe da Ouandie. Duk masu bin bashin tarihi a ƙasar nan sun haɗu a ɗaki ɗaya da rinjaye a hannunsu. Da sun tsaya ko na zama ɗaya ne suka ce ba za a wuce da komai ba sai an kafa kwamitin bincike kan kaburbura da sunaye, wallahi da yau wani zancen muke yi. Sai MDR ta ɗau kujerunta shida ta haɗe da RDPC, Dakole ya zama minista, kafin shekara ta ƙare wani ɓangare na UPC ya shiga gwamnati, Hamadu Mustafa da Isa Ciroma na UNDP su ma suka shiga, Bello kansa ya bi a ƙarshen 1997. Kowa na da hujjarsa, wasu sun ce daga ciki ake gyara, wasu kuma akwai tsohuwar rashin yarda tsakanin Fulani da sauran ƙabilun Arewa da ta sa ba za su bi bayan juna ba, kuma wannan rashin yardar tana da nata dalilin na gaskiya. Ban ce mutumin da ya yi shekara bakwai a kurkuku ba shi da ikon zaɓar hanyarsa ba. Amma cikin sharuɗɗan shiga gwamnatin ba mu ga an fito da kabarin kowa ba, kuma tun daga lokacin irin wannan lissafin bai sake dawowa ba, a zaɓen 2020 RDPC kaɗai 152 ta kwashe, UNDP 7.

Kan tambayarka ta shugaban majalisa, e, Cavaye Yegie Jibril ɗan Tokombere ne a Arewa Mai Nisa, ya hau a 1992 ya yi shekara talatin da ɗoriya a kujerar. Sai dai ka san yadda gidan yake aiki. Majalisa na zama sau uku a shekara, Maris da Yuni da Nuwamba, kowane zama bai wuce kwana 30 ba, kuma kusan duk dokar da ka ji an yi daga gwamnati ta fito, depitoci tattaunawa da ɗaga hannu ne nasu. Depite na da ikon kawo ƙudurinsa, amma sai taron shugabannin majalisa ya yarda ƙudurin karɓaɓɓe ne kafin ya isa zaure, kuma sashe na 18 na tsarin mulkin 1996 ya ce duk ƙudurin da zai ƙara wa gwamnati kashe kuɗi ba a karɓarsa sai mai shi ya nuna inda za a rage ko inda kuɗin zai fito. Diyya kuɗi ce, tono kaburbura kuɗi ne, saboda haka da wannan sashen kaɗai ana iya kashe maganar tun a bakin ƙofa. Shugaban majalisa kuma jam'iyya ce ke tsayar da shi duk shekara a zaman Maris, zamansa ɗan Arewa rabon muƙamai ne tsakanin yankuna, ba wakilcin matan Mbalmayo aka ɗora masa ba. In kana so ka ga iyakar gidan, a Nuwamba 2017 depitocin SDF sun tayar da ƙura a zaure suna neman a tattauna rikicin yankin masu Ingilishi, abin da ke faruwa a lokacin ana mutuwa, ba a sa shi a jadawali ba, balle abin da ya shekara arba'in.

Akwai kuma maganar da mu 'yan Arewa ba ma son ji, amma in ban faɗa maka ba na cuce ka. Ranar da aka buɗe wannan littafin ba daga 1984 za a fara karantawa ba. Cikin mutum huɗun da dokar 1991 ta wanke, Ouandie gwamnatin Ahijo ce ta harbe shi a bainar jama'a a Bafusam ranar 15 ga Janairu 1971. Dokar zagon ƙasa ta 1962 Ahijo ne ya sa mata hannu. A Fabrairun 1962 ɗin fursunoni 25 suka mutu saboda rashin iska a cikin taragon jirgin ƙasa tsakanin Duwala da Yawunde. Kurkukun Tcholliré a nan Mayo Rey yake, a ƙasarmu, can aka riƙa kai 'yan siyasa har da Bishop Albert Ndongmo. A 1979 kuma sojoji sun far wa ƙauyen Dolle a Logone da Shari, mutanenmu ne na Arewa aka kashe a ƙarƙashin shugaba ɗan Arewa. Dokar 1991 ta haɗa wanda ya yi hukunci da wanda aka yi wa hukunci a layi ɗaya ta ce duk an wanke su, ba ta faɗi wa ya yi wa wa me ba. Depiten Garwa da zai miƙe ya nemi kaburburan Mbalmayo dole ya shirya jin depiten Bafusam ko na Eseka, yankin su Um Nyobe, ya ce to mu ma namu fa, kuma amsar da ta dace ita ce e, ku ma a nemo naku, mu sa hannu tare. In Arewa ta shigo da maganar a matsayin kukan Arewa kaɗai, cikin minti biyar za a ce ƙabilanci ne a rufe, kuma ko ta fuskar lissafin ƙuri'a depitocin yankuna uku ba su isa su wuce da komai su kaɗai ba.

Abin da Macron ya yi kuwa kar ka ɗauke shi fiye da girmansa. Ya zo Yawunde a Yuli 2022 aka kafa kwamitin masana tarihi na Faransa da Kamaru ƙarƙashin Karine Ramondy, suka miƙa rahoto mai shafi sama da 1000 a Janairu 2025, sannan a wasiƙar da aka fitar a Agusta 2025 ya amsa cewa yaƙi aka yi, kuma sojojin da Faransa ke jagoranta ne suka kashe Um Nyobe ranar 13 ga Satumba 1958 da wasu jagorori. Bai nemi gafara ba, bai ambaci diyya ba, kuma wasiƙar shugaba ce zuwa ga shugaba, ba doka ce ta majalisar Faransa ba. Darasin da ke ciki ɗaya ne, an buɗe wa masana takardun sirri sun karanta, daga nan musu ya ƙare. Binciken nasu bai wuce abubuwan da suka faru zuwa 1971 ba. Takardun 1984 ba a Paris suke ba, suna hannun ma'aikatar tsaronmu.

In kana neman misalin da ya fi kusa da mu, tsallaka gadar Kusri ka duba Cadi. Hissene Habre ya yi mulki daga 1982 zuwa 1990, da aka kore shi ma ta nan Kamaru ya bi kafin ya wuce Dakar. Kwamitin bincike na 1992 ya ƙiyasta an kashe mutum 40,000. Ba majalisar Cadi ce ta kai shi kotu ba, waɗanda aka azabtar ne. Suleiman Guengueng da ya fito daga kurkuku ya bi mutane ɗaya bayan ɗaya ya rubuta bayanan sama da 700 ya ɓoye, a 2001 aka gano takardun 'yan sandan sirri na DDS a zube a tsohon ofishinsu ɗauke da sunayen mutum 1,208 da suka mutu, lauyarsu Jacqueline Moudeina har gurneti aka jefa mata ba ta bari ba. Maris 2015 kotu a Njamena ta ɗaure jami'an DDS 20 ta ce a biya diyyar sefa biliyan 75, rabi daga gwamnati, a gina wurin tunawa, ofishin DDS ya zama gidan tarihi. Mayu 2016 kotun Dakar ta yi wa Habre ɗaurin rai da rai, a ɗaukaka ƙara a 2017 aka yanke diyyar sama da biliyan 82 ga mutum 7,396. Ya mutu a 2021, shi ma a Yoff aka binne shi, maƙabarta ɗaya da Ahijo. Kuɗin kuma sai a 2024 aka fara biya, biliyan 10 kacal, kowa ya tashi da wajen sefa 925,000, bayan da yawa daga cikin masu haƙƙin sun riga sun mutu. Ka ga ko hukuncin kotu in ba a sa masa layi a kasafin kuɗi ba zama yake yi, kuma kasafin kuɗi aikin majalisa ne. Sannan majalisar riƙon ƙwarya ta Cadi a Nuwamba 2023 ta yi afuwa ga duk abin da ya faru ranar 20 ga Oktoba 2022, ranar da hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasar ta ƙirga gawa 128, wato majalisa na iya zama makamin binne magana kamar yadda take iya tono ta. Najeriya ma sai da aka yi shekara 25 kafin a girmama Abiola a 2018, majalisa ta bi da dokar 12 ga Yuni a 2019.

To me depite ɗaya ko biyu za su iya a Yawunde duk da wannan ƙuncin? Akwai abin yi, kuma ba ya buƙatar rinjaye. Kowane depite na da ikon yi wa minista tambaya ta baki a zaure ko a rubuce, ba sai jam'iyya mai mulki ta ɗaga hannu ba, kuma tambayar da ta fi ƙarfi ita ce mafi sauƙi: mutum nawa aka harbe bisa hukuncin kotun soja a 1984, su wa da wa, ina aka binne su, kuma mutum nawa aka mayar bakin aiki ƙarƙashin dokar afuwa ta 1991. Ko minista ya kauce, tambayar ta shiga kundin majalisa da kwanan wata, gobe wani zai ɗora a kai. A zaman Nuwamba ministan tsaro na zuwa gaban kwamitin kuɗi ya kare kasafinsa, kuma ƙarƙashinsa akwai sakataren gwamnati mai kula da tsoffin sojoji da waɗanda yaƙi ya shafa, nan ne wurin tambayar fanshon matan da marayun. Ƙudurin da na fi ganin zai iya tsallake sashe na 18 shi ne wanda ba ya neman ko sisi, a ce hukuncin kisa na kotun soja da aka zartar ya wadatar a matsayin shaidar mutuwa, iyali su karɓi takardarsu a magajin gari ba tare da neman shaidu ba. Wannan kaɗai zai warware gado da fansho na gidaje da dama, kuma a fakaice gwamnati ta amsa sunayen. Sashen nan na 18 ma ya ce ƙudurin depite in aka yi zama biyu ba a duba shi ba, dole a duba shi a zama na gaba, da za a sami mai naci da zai bi wannan hanyar har ƙarshe da mun ga yadda za a yi da shi. Tsarin mulki ya kuma ba majalisa ikon kafa kwamitin bincike, amma wannan sai da ƙuri'ar rinjaye, ban sa rai da shi yanzu.

Kai kuma naka aikin tun yanzu yake, ba sai ka jira depite ba, don duk waɗannan tambayoyin ba su da nauyi in babu sunaye a hannu, minista zai ce ba shi da labari a wuce wurin. Ku sami 'yan uwanku ɗalibai na sashen tarihi da na shari'a, har da 'yan Kudu, ku fara daga unguwanninku a Garwa da Marwa da Ngaundare da Kusri, ku fara da tsofaffin mata don su ne suka riƙe takardun kuma shekaru sun ja musu. Kar ku shiga gida kai tsaye da waya a hannu kuna ɗauka, ku bi ta hannun liman ko wani dattijon dangi, ku faɗi ko ku su wane ne da abin da za ku yi da bayanin, wanda ya ce ba ya so ku yi masa godiya ku tafi, don tsoron nan bai fita daga zukatan mutane ba har yau. Ku rubuta cikakken suna, da muƙami da lambar soja in akwai, da ranar da aka kama shi da wurin, da wanda ya gan shi na ƙarshe, da ko an taɓa ba iyali wata takarda. Ku ɗau hoton takardun ku mayar musu da na asali a take, kada ku sa na kowa a Facebook sai da izininsa, kuma ku ajiye kwafi a wuri fiye da ɗaya. In kun haɗa ko gida ashirin ne ku kawo min in duba, zan taya ku tsara su yadda depite zai iya ɗauka ya karanta a zaure.